Yadda ake naɗa koyil ɗin sigarin lantarki da hannu

Koyil dai ba wani abin mamaki bane, guntun waya ne aka nannaɗe aka zura masa auduga ta ciki, batir ya turo wuta wayar tayi zafi, ruwan da audugar ta sha ya tashi ya zama tururi, shikenan. Naɗin kansa idan hannu ya saba ko minti biyu baya kaiwa. Inda aikin yake shine lambar da wayar zata nuna a kan mita, da kuma ko batirinka zai iya ɗaukar wannan lambar, shi yasa zaka ga na daɗe a wajen lissafi kafin mu taɓa waya. Kayi haƙuri kar ka tsallake shi ka tafi wajen naɗi kai tsaye, don na san halin mutane.

Kuma tun farko, wannan magana ce ta manya waɗanda dama suna amfani da abin. In kai baka shan taba baka shan komai toh babu dalilin da zai sa ka fara, nikotin in ya kama mutum rabuwa da shi aiki ne ja, kuma tururin nan ba iskar Allah bace zalla. Kwalbar ruwan ma a ajiye ta inda hannun yara bazai kai ba, don ɗan kaɗan yaro ya haɗiya sai an dangana da asibiti.

Ba kowace na'ura ake naɗa wa koyil ba. Waɗannan ƙananan da ake sha a yar, da masu koyil ɗin kamfani da yake zuwa a rufe cikin ɗan gwangwani ka murɗa ka cire ka saka sabo, su babu ruwansu da wannan bayanin. Namu shine kan da ake buɗewa a ga farantin ciki, wanda 'yan harkar suke cewa dek, da turaku biyu ko fiye masu ramuka da ƙananan notuna. Akwai RDA wanda kake ɗiga ruwa kai tsaye a kan auduga, akwai RTA mai tanki da ruwan yake gangarowa da kansa. In yau zaka fara, RDA mai ɗaukar koyil ɗaya yafi, komai a fili yake kana gani, kuma in auduga bata zauna daidai ba yana ɗaga maka ƙafa, shi RTA baya ɗagawa, sai dai kawai kaga ruwa yana bin hannunka.

Kayan aikin basu da yawa. Ƙaramar filaya mai yanka waya daf da jikin ƙarfe, almakashi mai kaifi na auduga, ɗan sukudireban da ya dace da notunan dek ɗinka, sai sandar da zaka naɗa a kai. Ana sayar da sandar musamman mai matakai an rubuta 2, 2.5, 3 da sauransu, amma gindin bakin diril mai santsi na milimita 2.5 ko 3 yana yin aikin tsaf. Sai hantsaki mai bakin tangaran, shi kam ka neme shi, saboda tangaran baya ɗaukar wuta kana iya matse koyil da shi alhali kana danne da maɓalli, na ƙarfe kuwa ka kuskura ka taɓa koyil da shi wuta na ciki ka haɗa shot kenan, wato wuta ta yanke hanya ta bi ƙarfe kai tsaye maimakon ta bi koyil. Na ƙarshe kuma wanda yafi duka shine mitar om, ɗan akwatin da ake murɗa kan a kai ya faɗa maka om nawa koyil ɗin yake, om kuwa shine ma'aunin yadda waya take tare wa wuta hanya. Mod, wato jikin na'urar da batir yake ciki, in mai allo ne shima yana karantawa, amma mita daban tafi kwanciyar hankali.

Maganar waya

Wadda kowa yake farawa da ita Kanthal A1 ce, gamin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam, asalinta ma ba don wannan harkar aka yi ta ba, wani kamfani ne na ƙasar Suwidin yake yinta don tanderun lantarki da hita. Tana da tauri daidai, in ka lanƙwasa ta tana tsayawa inda ka ajiye ta, tana jure gashi, mai koyo ita ce tasa. Sai nikirom da ake rubuta wa Ni80, kashi 80 nikel kashi 20 kuromiyam, tafi Kanthal laushi da saurin ɗaukar zafi, amma wanda jikinsa baya son nikel, irin masu yin ƙuraje in sun ɗaura agogon ƙarfe, ya haƙura da ita. Sai sitenles SS316L, ita tana aiki a wat na yau da kullum, wato ƙarfin wutar da kake saita wa mod, tana kuma aiki a tsarin da mod yake lura da zafin koyil. Akwai wasu biyu, nikel zalla Ni200 da titaniyam, waɗannan a tsarin lura da zafi kaɗai ake amfani da su, ba'a gasa su har suyi ja, titaniyam ma in ya wuce misali kamawa yake da wuta. Ni a ganina mai farawa ya manta da su gaba ɗaya.

Kaurin waya da geji ake faɗarsa kuma a juye yake, lamba na hawa waya na sirancewa. Geji 24 kusan milimita 0.51 ne, 26 kusan 0.40, 28 kusan 0.32. Siririyar waya tafi tare wa wuta hanya, wato om ɗinta yafi yawa, doguwar waya ma haka. Mai kauri ko gajera om ɗinta kaɗan ne, wuta na kwarara ta cikinta da yawa, kuma daga batir take fitowa. A Kanthal, kowace santimita 10 ta geji 24 tana bada wajen om 0.7, ta 26 wajen 1.1, ta 28 wajen 1.8. In nikirom ce mai kauri iri ɗaya ka ɗauki kamar kashi uku cikin huɗu na wannan, in sitenles ce kamar rabi. Kaga kenan naɗi bakwai na Kanthal da naɗi bakwai na sitenles a ido iri ɗaya ne sak, amma ɗayan yana jan wuta kusan ninki biyu, saboda haka wayar da ka tsinta babu takarda a jikinta baka san ko mecece ba kar ka naɗa ta.

Bari mu gwada da misali ɗaya wanda shi zan bi har ƙarshe. Kanthal 26 a kan sandar milimita 3. Zagaye ɗaya yana cin waya wajen milimita 10.7, don ana haɗa faɗin sandar da kaurin wayar, 3 da 0.4, a ninka da 3.14. Zagaye 7 ya zama milimita 75, ka ƙara ƙafafu biyu kamar milimita 5 kowacce ya zama 85, wato santimita 8.5, ka ninka da 0.11 zaka samu tsakanin om 0.9 da 1.0. Wannan koyil ne mai hankali, wat 18 zuwa 25 ya ishe shi. In kai mai zuƙa ne irin ta taba, baki tukuna sannan ƙirji, toh geji 28 a kan sandar 2.5 zagaye 7 zai baka wajen om 1.3, wat 12 zuwa 15 ma yayi. Akwai kalkuleta na koyil kyauta a intanet da suke wannan lissafin, amfani da su ba laifi bane, amma ka iya shi da hannunka ko sau ɗaya ne don ka gane me yasa ƙarin zagaye ɗaya yake ɗaga lambar.

Yanzu batir. Yawanci 18650 ne, faɗi milimita 18 tsawo 65, in ya cika caji bolt 4.2 yake. Kowanne yana da iyakar amfiya, wato yawan wutar da zai iya bayarwa a jere ba tare da yayi zafin da ya wuce ƙima ba, misali Samsung 25R amfiya 20 ne, Samsung 30Q kuma 15 ne duk da yafi shi riƙe caji. Haka abin yake, mai riƙe caji sosai yawanci ƙarfin turawarsa ƙasa yake, don haka duk 18650 da kaga an rubuta masa 3500mAh da amfiya 40 a jiki lokaci guda ƙarya ce aka lulluɓe da leda mai kyau, ajiye shi.

In mod ɗinka mekanikal ne, wato bututun ƙarfe kawai da maɓalli babu wani allo babu kariya, lissafin shine dokar Ohm, bolt raba da om ya baka amfiya, kuma kullum da 4.2 zaka yi ba 3.7 ba. Koyil ɗinmu na 0.95 zai ja amfiya 4 da ɗoriya, wasa ne. Na 0.3 zai ja 14. Na 0.2 zai ja 21, ka riga ka haye kan batirin amfiya 20. Na 0.15 kuwa 28 ne. Dubi yadda tazarar take, daga 0.2 zuwa 0.15 a ido ba komai bane, ƙafa ɗaya ka rage wa tsawo ko mitar tayi ɗan kuskure ka faɗa ciki, kuma batirin litiyam in ya fusata ba mutuwa yake shiru ba, huci yake ya fesar da iska mai zafi wani lokacin har da wuta, a cikin bututun ƙarfe, a gaban fuskarka. Gaskiya wanda bai naɗa koyil da yawa ba mekanikal ba nasa bane, ko da kuwa abokai suna ta yabonsa.

In mod ne mai allo da kake zaɓar wat, lissafin ya canza kuma nan da yawa suke ruɗewa, ba om ɗin koyil ne yake faɗar abin da batir zai bayar ba, wat ɗin da ka saita ne. Ka raba wat da 3.2, wato inda batir yake in ya kusa ƙarewa don lokacin yafi shan wahala, sai ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100 na asarar da na'urar take yi. Wat 60 a batir ɗaya ya zama wajen amfiya 21. In batir biyu ne ka raba wat ɗin biyu tukuna, kuma su zama iri ɗaya, tare aka saye su tare ake cajinsu. Sannan ka riƙa duba ledar jikin batir, duk gangar jikin nan negetib ce, ledar ce kaɗai ta raba ta da ƙarfen mod, in ta yage ko ɗan farin zoben dake saman kan ya fita kar ka saka shi sai an sake masa riga. A aljihu kuma kar ya haɗu da makulli ko kwabbai tsirara, a saka shi a akwatinsa na roba.

Naɗin

Wanke hannu, yanko waya kamar santimita 15 zuwa 20, gara tayi saura da ta gaza. In ta zo a lanƙwashe daga kan ƙwarya ka kama bakin biyu da filaya ka ja ta da ɗan ƙarfi zata miƙe, sai ka goge ta da tsumma mai tsabta don akwai maiƙon masana'anta a jikinta. Ɗora ta a kan sandar kusa da mariƙi, bar kamar santimita 3 ka danne da babban yatsa sosai, ɗaya hannun kuma ya ja wayar a miƙe ya fara zagayawa. Sirrin duka a jan yake, kar ka sassauta ko kaɗan, kowane zagaye ya kwanta a jikin na bayansa amma kar ya hau kansa. In ya hau kwance shi ka sake, ko ma ka yanko sabuwa, waya ba abin tausayi bace. Kana zuwa 7 ka tsaya ta yadda ƙafafun biyu zasu kalli gefe ɗaya. Zagayen farko yawanci baya kyau, yana ɗan buɗewa, saboda haka wasu suna yin 8 sai su kama ƙafar farko da filaya su warware guda ɗaya, kuma dabara ce mai kyau. Koyil na kan sandar ka kama kowace ƙafa da filaya ka ja ta da kyau, sannan ka tura zagayen gaba ɗaya su matsu a jikin mariƙi.

Wannan shi ake kira naɗi mai haɗe. Akwai kuma mai tazara, inda kowane zagaye yake tsaye shi kaɗai kamar sifirin ɗin cikin biro, kana samunsa ta hanyar ja koyil ɗin ya buɗe sannan ka sake matse shi a kan sanda ka saki, tazarar zata daidaita da kanta. Mai tazara baya bada wahalar gyara, kuma shi tsarin lura da zafi yake so, sai dai yana cin fili a dek.

Wajen ɗaurawa kar ka cire sandar daga cikin koyil, da ita zaka riƙe shi, in ka kama shi da yatsa zai lotse. Kwance notunan har ramukan su buɗe, ƙafa ɗaya ta shiga turken fositib ɗaya ta shiga na negetib. In duka biyun suka shiga turke ɗaya wuta bazata bi ta koyil ba. A dek mai turaku biyu da ramuka sama da ƙasa, ƙafar da ta fito ta saman koyil ta shiga ramin sama, ta ƙasan ta shiga ramin ƙasa na ɗaya turken, in kaga sai ka murɗe ƙafa kafin ta shiga toh ta ɗaya hannun ya kamata ka naɗa. Ƙafafun su zama gajeru amma jikin koyil kar ya taɓa turke, kar ya taɓa ƙasan dek, kar kuma ya taɓa murfi in ka rufe. Ɗaure noti har ya kama, kar ka danne da dukkan ƙarfinka don yana datse siririyar waya, in ka ɗan ja ƙafar bata motsa ba ya isa. Sannan da sandar ka daidaita shi ya fuskanci ramin iska, in iskar ta ƙasa take shigowa ya tsaya a saman ramin da tazarar kamar milimita 1 zuwa 2, in ta gefe ce saka murfin ka leƙa ta ramin, ya zama kana hango cikin koyil ɗin daga ɗan ƙasa-ƙasa. Wallahi wannan ɗan daidaitawar tafi sauya ɗanɗano a kan duk wata waya mai tsada.

Yanke rarar ƙafafun daf da turke, kuma ka ɗora yatsa a kan guntun lokacin yankawa, in ba haka ba tsalle yake ya tafi, ko ido ko kuma ya faɗa cikin dek ya kwanta tsakanin fositib da negetib baka sani ba. Kifa kan ka kaɗa shi ka busa.

Sai mita. Murɗa kan a kai ka karanta, mun yi tsammanin wajen 0.9 ko 1.0. In ya nuna 0.85 ko 1.05 babu damuwa, tsawon ƙafa ne. In ya nuna 0.3 ko ƙasa akwai inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe, nemo shi. In lambar tana rawa tana hawa tana sauka noti bai kama ba. Saka murfin ka sake karantawa, don wani shot ɗin sai an rufe yake fitowa.

In lamba ta zauna sai gashi, babu auduga tukuna. Ɗora a mod mai allo, sauke wat zuwa kamar 15, ka riƙa danna maɓalli kaɗan-kaɗan, sakan ɗaya ka saki, sakan ɗaya ka saki, kuma ka ɗan rage hasken ɗaki don ka gani da kyau. Da farko zaka ga abin ba tsari, wani zagaye ɗaya a gefe yayi jajir sauran baƙi ƙirin, ko ƙafa ce ma take fara ja. Dalili kuwa zagayen suna taɓa juna wuta tana yanke hanya, amma Kanthal in ta sha zafi tana yin wata siririyar fata a jiki wadda bata wuce da wuta, daga nan ne wutar take komawa bin wayar zagaye bayan zagaye. Don taimaka mata, danna har yayi ɗan ja, saki, matse koyil ɗin a hankali da hantsaki daga gefe biyu, sannan ka ja bakin hantsakin a kan bayansa kirr sau biyu uku, zaka ji zagayen suna ɗan ƙara. Sake dannawa. Abin da kake nema shine ja ya fara daga tsakiya ya bazu zuwa gefe biyu daidai, ƙafafu kuma su kasance na ƙarshe ko ma kar suyi ja sam. Ja mai duhu ya isa, ba sai yayi fari yana ƙyalli ba, sitenles da nikirom ma a fi tausaya musu. In ya huce ka sake ɗan ɗaure notunan don zafi yana sa su saki, ka sake duba mita, lambar zata iya ɗan motsawa kaɗan kuma wannan ita ce ta gaskiya.

Auduga

Anan ne koyil mai kyau yake lalacewa. Ka nemi auduga zalla wadda ba'a sa mata turare ko wani magani ba, akwai wadda ake yi musamman don wannan, akwai kuma ta Japan mai zuwa falle-falle. In ta fallen ce ka yanka ta bin tsawon zaren ba a gicciye ba, ka ɗaye siririyar fatar sama da ta ƙasa, ka ɗan mulmula ta a hankali, bakin ɗaya kuma ka murza shi yayi tsini. Tabbatar koyil ya huce sarai, zura tsinin, kamo ta ɗaya gefen ka ja. Yadda zaka gane yawanta a hannu ne, ya zama tana tafiya amma kana jin tana ɗan turjewa, in ka ja ta gaba da baya koyil ɗin yana so ya bi ta amma bai lanƙwashe ba. In ta wuce sulub tayi kaɗan, ruwa zai taru a cikin koyil yana tafasa yana fantsamo maka a harshe. In sai ka riƙe koyil da farce kafin ta wuce tayi yawa, ta shaƙe, ruwa bazai kai tsakiya ba, zuƙa ta uku zaka ji ƙauri ya daki maƙogwaro. Cire ka rage, kar kace bari na lallaɓa.

A RDA ka yanke jelar biyu daidai inda zasu taɓa ƙasan rijiyar, wato ramin dek da ruwa yake taruwa, ka ɗan barbaza bakin da hantsaki, ka sunkuyar da su ciki ba tare da dannawa ba, ƙarƙashin koyil kuma ka bar shi fili iska ta samu hanya. A RTA sai an ƙara natsuwa, jelar zata sauka ne a ƙananan ramukan da ruwa yake shigowa, aikinta ta rufe bakin ramin amma kar ta toshe shi. Ka taje jelar da tsinin hantsaki ka cire kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinta, musamman in ruwanka mai VG da yawa ne (VG da PG sune sinadaran da ake haɗa ruwan da su) don shi kauri gare shi baya gudu, mai PG da yawa kuma tsinkakke ne yana son auduga ta ɗan fi cika. Ajiye ta a ramin a hankali, in ka zura tsinin allura ya shiga ba tare da tirjiya ba daidai ne. Bayan ka cika tanki ka zuƙa, in kaga ƙananan kumfa suna tasowa daga ramukan toh ruwa na shiga.

Kafin ka danna komai jiƙa audugar sharkaf, ɗigo a kan koyil ɗigo a kan jela har ta daina sha, ka bata ɗan lokaci. Auduga in ta ƙone sau ɗaya ta ƙone kenan, duk ruwan da zaka zuba ƙaurin baya fita. Kuma ruwan da aka yi don wannan kaɗai zaka zuba, banda mai kowane iri, banda turare, banda haɗe-haɗen da baka san me ke ciki ba. A 2019 a Amurka mutane da yawa sun kwanta da mummunan ciwon huhu wasu sun mutu, bincike ya danganta yawancin abin da wani mai na bitamin E da aka riƙa cakuɗawa a ruwan wiwi na bayan fage. Huhu baya shiri da maiƙo.

Fara da wat ƙasa, 15 ko 16, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har ka samu ɗumin da kake so. 'Yar ƙarar tsatsatsa in ka danna ba matsala bace. In tururin yana da ɗanɗanon ƙarfe mai zafi alhali auduga a jiƙe take, akwai zagayen da yake fin sauran zafi, cire auduga ka koma gashi. In mod ya rubuta maka shot ko yaƙi ganin kan, duba notuna, duba guntun waya, duba kuma ɗan fil ɗin dake gindin kan ko ya shige ciki. Wannan fil ɗin ma a irin mekanikal da batir yake taɓa gindin kan kai tsaye, dole ya zama ya fito waje sosai ya wuce zaren murɗin, in ba haka ba kan batir zai taɓa duka biyun lokaci guda.

In hannu ya faɗa zaka so koyil biyu. Dokarsa ɗaya ce, om yana rabewa biyu, koyil biyu na 0.6 sun zama 0.3, saboda haka ka koma lissafin batir daga farko. Su zama tagwaye ta ko'ina, waya ɗaya, zagaye ɗaya, tsawon ƙafa ɗaya, kuma a gashi su yi ja tare, in ɗaya yana riga ɗaya ka duba ƙafafu da notuna kafin ka zargi naɗin. Kanthal 24 zagaye 6 a milimita 3 guda biyu yana sauka wajen 0.27, yana son wat 50 zuwa sama, kuma ruwa mai nikotin da yawa baya tafiya da irin wannan, zai sa maka jiri da tashin zuciya.

Su kuma wayoyin ado, mafi sauƙi ita ce murɗaɗɗiya, ka ninka waya biyu, bakin biyu a cikin diril, lanƙwasar a jikin sukudireba, ka ja ta miƙe ka kunna diril a hankali har murɗin ya matsu, om ɗinta ya ɗan haura rabin na guda ɗaya. Sai Clapton, waya mai kauri a tsakiya kamar 26 an nannaɗe ta da siririya kamar 32 tun daga farko har ƙarshe, shima da diril ake yi. Wutar kusan duk ta cikin ta tsakiyar take bi, ta wajen aikinta riƙe ruwa a 'yan tsagoginta da ƙara faɗin wajen da yake zafi. Tana bada tururi mai kauri, amma ƙarfe yayi yawa, tana jinkirin ɗaukar zafi tana jinkirin hucewa, tana cin wat da ruwa da caji. Ana sayar da ita a naɗe a ƙwarya, kuma ni ban ga abin kunya ba a saya.

Bayan kwanaki koyil zai yi baƙi ya tara dauɗa, ruwa mai zaƙi sosai ma cikin kwana biyu uku yake haɗa wannan. Ba sai ka sake naɗi ba. Zare tsohuwar audugar, gasa shi kaɗan-kaɗan a wat ƙasa har dauɗar ta zama toka, bari ya huce, cire kan daga jikin mod ka ɗauraye shi da ruwa kana gogawa da tsohon buroshin haƙori, ka shanya ya bushe, ka duba mita, ka sake ɗan gasawa kaga har yanzu daga tsakiya yake farawa sannan sabuwar auduga. Ranar da kaga wayar tayi ƙuraje-ƙuraje, ko lambar ta ƙi tsayawa duk da noti a ɗaure yake, ko ɗanɗanon ya ƙi dawowa bayan wanki, kwance ta ka yanko wata santimita 15 ɗin.